Asabar a Liberdade

Ƙarfe goma sha ɗaya saura na dare, har yanzu ɗanɗanon citta bai bar bakina ba. Bari in rubuta tun abin yana da zafinsa.

Wata takwas ke nan da zuwana Sao Paulo karatu, kuma wata takwas ke nan abokin karatuna yana yi mini tayin abincin kakanninsa ina zillewa. Shi jikan Japanawa ne. A nan Barazil aka haifi mahaifinsa, a nan aka haife shi, Japanancin ma tsinta-tsinta yake ji. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɗanyen kifi. A gidanmu sai an wanke kifi da lemon tsami har ƙarnin ya fita, a soya shi ya yi ƙayau, ko a yi bandarsa, kafin ya ga tukunyar miya. Yau dai na ba da kai bori ya hau.

Da zan fita na biya ta shagon Alhaji, mutumin Damagaram da ke sayar da tufafi a nan unguwarmu ta Brás, na gaya masa inda za ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To ɗana, ka dai tambaya kafin ka kai baki. Matambayi ba ya ɓata." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Daga nan na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Sé, na sauya layi, tasha ɗaya sai ga ni a Liberdade, unguwar Japanawa.

Ina hawowa daga matakala na tarar da dandalin cike maƙil, ba masaka tsinke. Kasuwa ce ke ci a wurin duk Asabar da Lahadi. Hayaƙin taliyar yakisoba yana tashi daga manyan farantan ƙarfe, ana tsamo tempura, wato kayan lambu da aka tsoma a kwaɓin fulawa, daga mai, yara suna riƙe da alawa kala-kala. Fitilun titi jajaye ne, kowace da fararen ƙwallaye suna lilo, kuma a kan titin Galvão Bueno akwai wata babbar jar ƙofa irin ta wuraren ibadar Japan. Abokina ya ce yawancin shagunan yanzu na 'yan Sin ne da 'yan Koriya, amma unguwar ba ta cire rigar Japan ba.

Muna kutsawa cikin jama'a yana ba ni tarihinsu. Jirgin ruwa na farko, Kasato Maru, ya taso daga Kobe ya iso tashar Santos ranar 18 ga Yuni 1908 da mutum 781, shekara ashirin bayan an haramta bauta a ƙasar, lokacin da masu gonakin kofi ke neman sababbin hannaye. Wahalar gona ta sa wasu suka gudo birni, suka kama ɗakunan ƙasa masu arha a titin Conde de Sarzedas. Yau babu wata ƙasa a wajen Japan da ta kai Barazil yawan zuriyar Japanawa. Ya ce a lokacin yaƙin duniya na biyu an hana su magana da harshensu a bainar jama'a, shi ya sa kakarsa ba ta matsa wa 'ya'yanta su koya ba. Da ya faɗi haka ya yi shiru, ni ma ban ce komai ba.

Ba irin manyan gidajen abincin nan ya kai ni ba, waɗanda ake biyan kuɗi sau ɗaya a yi ta kawo maka har ka ce ka ƙoshi, rodízio kamar yadda suke cewa. A can ne ake soya sushi, wato lomar shinkafa da ɗanyen kifi, da mai, a cusa masa cuku mai laushi, har da mangwaro. Ya ce wannan abincin Barazil ne, yana da daɗinsa, amma ba shi yake so in fara da shi ba. Wani ɗan ƙaramin wuri muka hau a saman bene, kujeru ba su wuce goma ba a jere gaban wani dogon katako, a bayansa wani dattijo da farar riga da farar hula. Aka miƙo mana ɗan tawul mai ɗumi muka goge hannu.

Na cika alkawarin Alhaji. Da ɗan Fotugis ɗina na tambayi dattijon ko akwai naman alade, ko akwai giya a cikin abin da za a ba ni. Wallahi yadda ya karɓi tambayar ya burge ni. Ajiye wuƙarsa ya yi, ya bi abincin ɗaya bayan ɗaya. Romon taliyar ramen da ƙashin alade ake dafa shi, kada in taɓa. Guioza, wasu 'yan ƙunshin fulawa da nama, su ma alade ne a ciki. Baƙin romon nan mai zaƙi da ake shafa wa gasasshen kifi akwai mirin a ciki, wata giyar shinkafa ce ta girki, shi ma in bar shi. Shinkafarsa kuwa ruwan khal ne da sukari da gishiri kawai. Bai nuna gajiya ba, bai kuma yi mini kallon mai tsirfa ba. Nan take hankalina ya kwanta. Kifi dai a wurinmu halal ne ko ba a yanka ba, abin da ya rage tsakanina da shi sabo ne kawai.

Hannunsa na tsaya kallo. Zai tsoma yatsu a ruwa, ya tafa sau ɗaya, ya ɗebo shinkafa daga wani akushin katako da ke gefensa ba tare da ya duba ba, kuma kullum daidai loma guda yake ɗebowa. Ya ɗora yankan kifin a tafin hagu, ya ɗan goga koren yajinsu, wasabi, da kan yatsa, ya aza shinkafar, ya danna da yatsu biyu, ya juya, ya sake dannawa. Ko daƙiƙa goma ba a yi ba ya ajiye a gabana. Hajiya na tuna, yadda take mulmula tuwon shinkafa da mara, malmala ashirin ta fito kamar an auna a sikeli. Hannun da ya shekara arba'in yana abu ɗaya, ko a ina ka gan shi za ka gane shi.

Abokina ya miƙo mini tsinkayen cin abinci, hashi, sai dattijon ya ɗaga hannu ya ce in ci da yatsuna, haka ake yi tun asali. Ya nuna mini in kifa lomar, gefen kifin ne zai taɓa ruwan shoyu, baƙin ruwan waken soya mai gishiri, ba shinkafar ba, don kada ta jiƙe ta warwatse. Kuma a kai baki gaba ɗaya.

Na yi bisimilla.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shinkafar da ɗuminta, kamar ɗumin jikin mutum, kifin kuma da sanyi. Tana shiga baki ta watse da kanta, ɗan tsami, ɗan zaƙi. Ƙarnin da na shekara ina tsoro babu shi ko kaɗan. Kifin tuna ne, ja jawur, laushinsa kamar hantar da ba ta daɗe a wuta ba, amma ya fi ta tsabta a harshe. Can sai wasabin ya taso. Yajinmu a harshe yake zama ya yi ta ci, shi kuwa wannan hanci yake hawa kai tsaye, ya kawo ƙwalla, kafin ka nemi ruwa ya wuce. Tsakanin kifi da kifi ana cin yankakkiyar citta da aka jiƙa a ruwan khal don a wanke baki. Sunanta gari a harshensu. Da na gaya musu ma'anar gari a Hausa, dattijon ya maimaita kalmar sau biyu yana murmushi.

Na ci tuna, na ci wani farin kifi na tekun nan da suke kira robalo, na ci salmon. Dattijon ya ce salmon ɗin daga Chile ake kawo shi, kuma shi mutanen gari suka fi nema, alhali a Japan ta da ba a cin sa ɗanye. 'Yan Norway ne suka tallata musu nasu na kiwo a shekarun 1980. Ya ce sushi ma da farko dabarar adana kifi ce: a binne shi cikin shinkafa da gishiri watanni har ta yi tsami, a zubar da shinkafar a ci kifin. Wannan na loma-loma a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, aka fara sayar da shi a bakin titi, wajen shekara ɗari biyu da suka wuce. Abincin leburori ne masu sauri, kamar yadda muke tsayawa gaban mai tsire.

Amma abin da ya fi taɓa ni ba kifin ba ne. Dattijon ya ga ina shan romon miso, na ruɓaɓɓen waken soya, ina lumshe ido, sai ya shiga ciki ya fito da wani ɗan kwano, ya ce wannan ba kowa yake ba ba, don yawancin baƙi da sun ji warin suke ture shi. Waken soya ne, ruwan ƙasa, mai yauƙi, in ka ɗaga sai zare ya biyo. Natto sunansa. Ina kai hanci tsigar jikina ta tashi. Daddawa! Wallahi daddawa ce sak. Nan da nan na ga tsakar gidan kakata, an kwana ana dafa kalwa, an surfe ta an wanke, an zuba a kwando an lulluɓe da ganye da tsumma an kai ɗaki, kwana uku ba mai buɗewa, warin ya cika gida har maƙwabta. Na yi masa bayanin ɗorawa da 'ya'yanta da iyakar kalmomin da nake da su, abokina yana cike mini giɓi. A ajinmu mun karanta cewa ƙwayar bakteriya iri ɗaya ce, Bacillus subtilis, take ruɓar da wannan da wancan, amma karatu daban, ka ji warin gidanku a saman bene a wata nahiya daban. Na cinye kwanon tas. Dattijon ya ce bai taɓa ganin daddawa ba, yana so ya gani.

Da muka sauko na ce abokina ya kai ni wani wuri da na taɓa jin labarinsa. Daga titin Estudantes akwai wani ɗan lungu da ba ya ɓullewa, a ƙarshensa wata tsohuwar ƙaramar majami'a, Capela dos Aflitos, wadda aka gina a 1779, dogayen gine-gine sun matse ta ta ko'ina. Ita kaɗai ta rage daga makabartar da aka yi ta binne bayi da matalauta da waɗanda aka rataye, daga 1775 zuwa 1858. Dandalin da na tarar ana soya tempura ɗazu, nan ne wurin rataya. A 1821 aka rataye wani soja baƙar fata da ake kira Chaguinhas saboda ya jagoranci bore kan albashin da aka riƙe musu. Ana cewa igiyar ta yi ta tsinkewa, jama'a suna ihun "Liberdade", wato 'yanci. A 2018 masu aikin gini a gefen majami'ar suka tono ƙasusuwan mutum tara.

A ciki mutane suna kunna kyandir, suna cusa 'yan takardu a tsagar wata tsohuwar ƙofa suna ƙwanƙwasawa sau uku. Ni daga bakin ƙofa na tsaya, na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayin da aka kawo wannan yanki yawancinsu daga Angola da Kongo suke, Hausawa Bahia aka fi kai su, inda suka shirya tawaye a 1807, kuma a boren 1835 aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Duk da haka jikina ya yi sanyi kamar a kan kabarin dangi nake. Abokina ya san sunan jirgin da ya kawo kakansa, ya san ranar, ya san ƙauyen da ya baro. Waɗanda ke ƙarƙashin ƙafafunmu ko dutse ba a kafa musu ba.

Ban ga laifin Japanawa ba, su ma da guminsu suka samu wurin zama. Amma na fahimci ɓacin ran baƙaƙen fatar garin lokacin da aka mayar da sunan tashar jirgi Japão-Liberdade a 2018, kamar tarihin unguwar daga fitilun ya fara. Sai a 2023 aka ƙara Afirka a sunan dandalin. Abokina ya ce tun yana yaro ake kawo shi Liberdade, amma yau ne karon farko da ya shiga lungun nan.

Na yi la'asar a Masallacin Barazil da ke Cambuci, ba nisa daga nan, sannan na kira Hajiya kafin ta kwanta, tunda sun riga mu da awa huɗu. Da ta ji ɗanyen kifi sai da ta yi salati. "Kai Auta, ba wuta ne a garin?" Na ce, "Akwai, Hajiya, haka suke cin sa." Da na kai ga labarin daddawa kuma ta ƙi yarda, sai da na rantse. Ta ce to in ba dattijon daga wadda ta ƙulla mini, amma in gaya masa ba a cin ta haka nan, a miya ake sakawa, kuma kada ya cika hannu.

Na buɗe gwangwanin ɗazu, saura guda bakwai. Na ware biyu na naɗe a takarda, na sa a aljihun jakata don Asabar mai zuwa.