Godiya ga Allah da waɗanda suka sauko da mu lafiya

Alhamdulillahi, ni da Hajiyarmu mun kwana a gida lafiya. Tun jiya wayata ba ta huta ba, shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani.

Daga Kano muka tashi za mu Legas ganin likitanta. Ana cikin raba shayi sai jirgin ya soma yin ƙasa, kunnuwa suka toshe. Ma'aikatan suka kwashe kofuna, suka bi kujera-kujera suna duba bel. Can kyaftin ya yi magana: gilashin gabansu ya tsage, za mu koma Kano. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba, kuma wallahi ita ta hana jirgin rikicewa. Kyaftin da mataimakinsa, Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan mahaifa. Ke kuma baiwar Allah da kika durƙusa kika riƙe hannun Hajiya kina tayata salati, ban san sunanki ba, amma ita ba ta daina sa miki albarka ba.

Ƙanena da ya yi karatu a kwalejin jiragen sama ta Zariya ya ce gilashin hawa-hawa ne, da lantarki mai ɗumama shi. Yawanci na waje ke tsagewa, na ciki ke riƙe matsin iska. Duk da haka matuƙi kan sauko don a sassauta wa gilashin, kuma a tsayin wajen ƙafa 10,000 mutum na iya numfashi ko da gilashin ya fice.

Ya kuwa taɓa ficewa. A Yunin 1990, jirgin British Airways ya tashi daga Birmingham, gilashin ya ɓalle, iska ta fizgi Kyaftin Tim Lancaster rabin jikinsa waje. Ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauka a Southampton, kuma ya rayu. Bincike ya gano 84 cikin kusoshi 90 da aka ɗaure gilashin da su sun yi siranta. Jin haka ya sa dole in gode wa injiniyoyin da ke kwana suna ɗaure noti a gareji, waɗanda fasinja bai taɓa ganin fuskarsu ba. Namu ya tsage amma ya zauna daram a wurinsa.

Na gode wa ma'aikatan hasumiya masu ba jirage izinin tashi da sauka, da 'yan kwana-kwana da muka tarar a tsaye suna jiranmu, da 'yan uwa da suka yi ta addu'a. Hajiya na gaishe ku, an ɗaga ganin likitan zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.