Ashe matsalar a ɗakina take

Sati biyu ina fama a ɗakina da ke Agege. Duk dare idan na kira Hajiya a Kano ta WhatsApp, sai hoto ya daskare, muryarta ta riƙa tsinkewa. "Ɗan nan, kana jina kuwa?" Abin ya tsaya min a rai, domin a wannan kiran kaɗai nake ganin fuskarta.

Da farko na zargi kamfanin intanet. Amma kafin in kira su, na buɗe kwamfuta na buga ping (gwajin da ke aika ƙananan saƙonni ya auna lokacin da amsa ke ɗauka) zuwa 192.168.1.1, adireshin rautar kanta, wato na'urar da ke raba intanet a ɗaki. Na'urar da ke ɗaki ɗaya da kai ya kamata ta amsa cikin milisakan kaɗan. Ni kuwa 200 nake gani, 300, wasu saƙonnin ma su ɓace a hanya. Da na jona kebul kai tsaye, komai ya daidaita, har ping zuwa 8.8.8.8, wata sabar Google da ke can kan intanet, bai zubar da saƙo ko ɗaya ba. Ke nan a iska matsalar take, wato a Wi-Fi.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere, kusan kowa da rautarsa, duk mun cunkushe a zangon Wi-Fi na 2.4GHz. Tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna a wannan zango, ni da maƙwabcina kuwa muna kan 6. Na koma 5GHz, na ciro rautar daga bayan firij na ɗora ta saman kabad. Wannan zango ba ya ratsa bango sosai, a tsakar gida sigina na raguwa, amma a ɗaki ping ya sauko zuwa 3.

Jiya mun yi minti 40 da Hajiya, har ta zagaya da ni ta nuna min awakinta.