Kafin ka sake wa kwamfuta Windows saboda suna ya ƙi amsawa

Ƙannena masu koyon gyaran kwamfuta, ko a Farm Centre kuke ko a shagunan buga takardu na bakin BUK, za a kira ku a ce kwamfuta ba ta ganin sabar ofis (injin da sauran kwamfutoci suke haɗuwa da shi), ko firinta ta ɓace. Kurakuran da zan ambata duk sun ci mini lokaci, ku kada su ci muku.

Fara da raba sunan inji da lambarsa, wato adireshin IP. Buga umarnin ping, mai gwada ko inji yana amsawa, kamar ping 192.168.1.10, ko duk lambar da sabar take da ita, sannan ka buga ping da sunanta. In lamba ta amsa suna ya ƙi, waya lafiya, rauta lafiya, ka bar su. Matsalar tana wajen mayar da suna lamba.

Kwamfuta tana fara duba fayil ɗin hosts, jerin sunaye da lambobinsu da ke cikinta, kafin ta tambayi DNS, wato sabar da ke mayar da suna lamba. A Windows yana C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, a Linux da Mac kuma /etc/hosts. Lamba ake fara rubutawa, a bar fili, sannan suna. Layin da ya fara da # ba a karanta shi. Ka buɗe Notepad da izinin admin, in ba haka ba zai ƙi ajiyewa a wurin, ko ka ƙare da hosts.txt, wanda babu mai kallonsa. Bayan gyara ka buga ipconfig /flushdns, domin Windows yana riƙe tsohuwar amsa, har da amsar "babu wannan sunan".

Inda aka fi ruɗewa shi ne nslookup, umarnin neman lambar suna. Shi ba ruwansa da hosts, kai tsaye yake tambayar DNS. Sai ka gyara fayil daidai, nslookup ya ce bai san sunan ba, ka koma kana ɓata abin da yake lafiya. A Linux yi amfani da getent hosts, shi ne yake bin jerin da ke layin hosts na /etc/nsswitch.conf. In files ya riga dns a layin, fayil ne yake da magana ta farko.

Sai abin da ya fi damun mu a Kano. An ɗauke wuta, an tayar da janareta, rauta ya sake kunnuwa ya raba lambobi yadda ya ga dama. Sabar da take kan .10 jiya ta koma .14, hosts kuwa yana nan kan .10. Ka shiga rauta ka keɓe wa saba da firinta lamba ta dindindin bisa lambar MAC ɗinsu (lambar shaidar katin sadarwa), sannan ka rubuta a hosts.

Masu sa 8.8.8.8, DNS na Google, da hannu don intanet ya yi sauri, ku sani Google bai san sunan kwamfutar shagonku ba, rauta ne ya sani.

Kada ka ƙirƙiro wa injinka suna mai ƙarewa da .local a DNS na ofis. An keɓe shi ga mDNS, hanyar da injina suke gane sunan juna ba tare da sabar DNS ba, wanda manhajojin Bonjour da Avahi suke gudanarwa ta ƙofar UDP 5353, kuma in katangar tsaro ta toshe ƙofar sai sunan ya yi ta jinkiri ko ya ƙi. Tun 2018 aka ware home.arpa don sadarwar cikin gida, ka yi amfani da shi.

A Ubuntu, in ka sauya sunan inji sudo (umarnin izinin admin) ya fara cewa "unable to resolve host", duba layin 127.0.1.1 a /etc/hosts, za ka tarar tsohon sunan ne a wurin. In kuma manhaja ta ƙi haɗuwa da localhost, sunan da inji yake kiran kansa, amma ta haɗu da lambarsa 127.0.0.1, sunan ya tafi ::1 ne na IPv6, sabon tsarin lambobi, alhali sabar tsohon tsari, IPv4, kaɗai take saurara.