Saƙon godiya bayan kammala gyaran tsofaffin tashoshin lantarki na kogi

Alhamdu lillahi. A madadin tawagar injiniyoyi, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a aikin sabunta tsofaffin tashoshinmu, waɗanda yanzu dukkansu suka koma bakin aiki.

Godiya ta farko ta ma'aikatan ɗakin kula da injuna ce. Tashoshin a jere suke bisa kogi ɗaya, ruwan da ya fito daga ta sama shi ne ke juya injin ta ƙasa, saboda haka duk lokacin da muka tsayar da inji guda, su ke lissafin ruwan da za a saki ta ƙofofin dam, don kada madatsa ta cika ta tumbatsa, kada kuma tashar ƙasa ta rasa ruwa. A ganina babu sashen da ya kai wannan wuya, ko da yake ba ya fitowa a hoto.

Muna jinjina wa masu walda. Farfelolin injunan samfurin Francis ne da na Kaplan, wanda Viktor Kaplan ya ƙirƙiro a 1913, kuma mun tarar da su duk ramuka, domin kumfar da ke tasowa inda matsin ruwa ya ragu tana fashewa a jikin ƙarfe tana cin sa a hankali, yashi kuma yana ƙara gogewa. Sun cike ramukan da ƙarfen da ba ya tsatsa, suka goge har siffar ta dawo daidai, cikin ƙunci da danshi. Haka masu naɗin waya, da suka warware janaretocin da zafi ya busar da rufin wayoyinsu suka sake naɗa su, da masu nutso da suka toshe mashigar ruwa kafin kowa ya shiga bututu.

Dattawanmu da suka yi ritaya sun amsa kira ba tare da jinkiri ba. Tsofaffin zane-zane ba su nuna sauye-sauyen da aka yi wa injunan daga baya ba, su ne suka nuna mana.

Ga manoma da masunta na ƙasan kogi, da masu amfani da wuta da suka jure ɗaukewarta, mun gode da haƙurinku. Za mu ci gaba da auna girgizar injunan da zafin boris a watanni masu zuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri.