Gyambon kunnen farar kyanwa da ya ƙi warkewa

Duk mai farar kyanwa a Gombe ya riƙa duba bakin kunnuwanta, musamman daga Maris zuwa Mayu da rana ke ƙuna. Inda fata ba launi kuma gashi ba kauri, nan rana ke fara ci: bakin kunne, hanci da fatar ido. Wurin yakan yi ja, gashi ya zube, ɓawo ya fito. Ɓawon ya faɗi, ya dawo, ya yi jini, kunnen ya fara cinyewa. Gyambon da ya wuce mako 3 bai warke ba, a daina cewa ƙazuwa ce ko cizon ƙuda, yana iya zama sankarar fata.

Ido kaɗai ba ya tabbatarwa. Likitan dabbobi zai yanki ɗan nama a gefen gyambon haɗe da lafiyayyar fata, ya sa a ruwan fomalin (maganin hana nama ruɓewa) mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, ruwan ya ninka naman sau 10, a aika ɗakin gwaji kamar na cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, Jihar Filato. In ruwan ya yi kaɗan, naman kan lalace, gwajin ya tashi a banza.

Wannan sankarar ba ta saurin bazuwa cikin jiki. In an gano da wuri, yanke fatar kunnen yakan wadatar, kuma kyanwar za ta ci gaba da ji sarai. Ta hanci ce mai wuyar tiyata.

Don Allah kada a shafa mata baƙin mai, kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. A tsare ta a inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma.