Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Daga Laka Zuwa Rairayi

Makon jiya na tsaya ne a ranar 23 ga Satumba, 1987, ranar da gwamnatin Babangida ta yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, ma'aikata kowa ya shiga jiran inda sunansa zai faɗa. Nawa a ƙasar Daura ya faɗa. Bayan shekarun da na yi ina aikin malamin gona a ƙauyukan Funtuwa, sai ga takarda wai in tattara in koma gida kafin daminar 1988 ta sauka. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har waina ta sa aka toya aka yi sadaka. Ni kuwa murnata ragaggiya ce, domin na san irin ƙasar da zan bari, na kuma san wadda zan tarar.

Wanda bai taɓa ratsa jihar nan daga kudu zuwa arewa ba, in ya ji an ce Katsina jihar noma ce sai ya zaci ƙasar duk iri ɗaya ce. In ka taso daga Funtuwa ka biyo ta Bakori da Malumfashi, ƙasa ce mai laka, mai riƙe ruwa, masara da dawa da auduga ko ta ina, ga rake da tumatir a fadamu. Kana wuce Kankiya sai ka ga itatuwa sun fara tazara, ƙasa tana yin haske. Kafin ka bar birnin Katsina ka ratsa Mashi ka doshi Daura, ka shiga jigawa sosai, rairayin da in ka damƙa a hannu zai zurare ta tsakanin yatsu. A Funtuwa ma'aunin ruwan da muke kafawa a bakin ofis yakan tara milimita 1,000 har da ɗoriya. A ƙasar Daura in an samu 600 zuwa 700 sai hamdala. Can ana shuka tun watan Mayu, nan sau da yawa sai Yuni ta yi nisa, kuma Satumba na ƙarewa ruwa ya ɗauke.

Amma takardun da ake aiko mana daga sama ba su san wannan bambanci ba. Tun da aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa a 1975 da tallafin Bankin Duniya, masara ta karɓu a kudu, sai tunanin manya ya zama na masara. Iri ɗaya, taki ɗaya, darasi ɗaya za a ba malamin gonar Ɗandume a ba na Ɓaure. Sai ka ɗauki babur ka shiga ƙauye da umarnin a ce wa mutane su daina cakuɗa shuka, kowane iri a ware masa gonarsa.

Akwai wani dattijo a wani ƙauye gabas da Daura da ba na mantawa da shi. Na same shi yana maimai, gero da dawa da wake duk a gona ɗaya, ga gawo uku tsaye a tsakiya. Na gaishe shi, na tsuguna na zayyana masa abin da aka aiko ni da shi. Ya jingine hauyarsa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ita masarar taku in ruwa ya yi fashin sati uku tana jira?"

Na ce, "A'a Baba, ba ta jira."

Ya ce, "To gero yana jira. In gero ya ƙi, dawa na nan. In duk sun ƙi, harawar waken nan ta ishi awakina, su kuma su ishe ni zuwa baɗi."

Ya kama hannuna ya kai ni gindin gawo, ya ce in duba. Geron da ke wurin ya fi na sauran gonar tsawo da duhun ganye, bambancin a fili. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi ganye dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki. Mutumin da ya ga farin 1973 ya ga na 1984 da idonsa, ba don rashin sani yake cakuɗa shuka ba. Lissafi ne na wanda bai da inda zai kai kuka in damina ta ƙi. Har na bar aiki ban ga wata takarda da ta zo daga ofis da lissafin da ya fi nasa dacewa da ƙasar nan ba.

Lokacin da na dawo, ƙananan hukumomi 7 ne kacal a duk jihar: Katsina, Daura, Mani, Dutsinma, Kankiya, Malumfashi da Funtuwa. Duk masarautar Daura hukuma ɗaya ce. A gaban idona aka yi ta yanka har zuwa 1996 suka zama 34, ƙasar Daura ta tashi da 5, wato Daura, Zango, Ɓaure, Mai'aduwa da Sandamu. Su Zango da Ɓaure dama tsofaffin kujeru ne, domin can sarakunan Haɓe na Daura suka zauna bayan jihadi, kuma daga Zango Turawa suka ɗauko Malam Musa suka mayar da shi sarautar Daura. Saboda haka ranar da aka ba su hukuma mutanensu sun yi murna ta gaske, kuma ban ga laifinsu ba. An gina sakatariya, an samu ciyaman da kansiloli, 'ya'yan gari sun samu aikin albashi, mai neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa ya huta da doguwar tafiya. Sai dai ofisoshi suna ƙaruwa ne a daidai lokacin da gonaki ke ƙanƙancewa, kuma ban ji mai magana a kan na biyun ba.

Na yi aikin ƙidaya a 1991, na sake yi a 2006. A ta farko an samu mutum miliyan 3.7 da ɗoriya a jihar, a ta biyu kusan miliyan 5.8. Abin da ya ba ni mamaki a aikin shi ne yadda halin mutane ya juya. Muna yara, zamanin haraji da jangali, in an ji masu ƙirga sun shigo gari akan tura samari daji, Bafulatani ya kora rabin garkensa ya tsallaka iyaka, domin kowane kai kuɗi ne za a biya. Da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a 1979, tsoron ya kau. Kafin 2006 kuwa kowa ya gane cewa da yawan jama'a ake rabon mazaɓu da kason wata-wata, sai ya zama mai unguwa ne da kansa ke biyo ka yana cewa, "Malam, akwai wani gida can bayan kuka ba ku shiga ba." Kowa na son a ce garinsu ya fi yawa. Ban taɓa jin wanda ya tambaya ko wace gona ce za ta ciyar da yawan da ake alfahari da shi ba.

Ni a gidanmu na ga amsar. Gandun mahaifinmu, lokacin ina yaro, in damina ta yi kyau rumbu biyu ake cikawa har a jera sauran dammunan a kan rufewa, kuma akwai wani ɓangare da ake bari ya huta shekara biyu ko uku, sabara da kalgo su fito, ƙasa ta farfaɗo. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado. Liman ya zauna a kan buzu a gindin kuka yana lissafi, mai unguwa da dattijai biyu suka kama igiya suna aunawa, yaro na biye da su yana kafa itacen cin-da-zugu a kan kowace iyaka. Mu maza kowa ya samu abin da zai iya nomewa shi kaɗai cikin 'yan kwanaki, 'yan'uwanmu mata rabin haka. Yayanmu ya tsaya yana kallon nasa kason, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ni ina da 'ya'ya maza shida. Wannan in aka sake sa mata igiya, me za a auna?" Babu wanda ya amsa masa. Yau 'ya'yan nasa huɗu suna Kano da Abuja da Fatakwal, wani na acaɓa, wani na ga-ruwa, wani na gadi. Da can cirani na watannin rani ne, ruwa na sauka a dawo. Yanzu da yawa sai da salla ake ganinsu.

Gonar da ba ta hutawa kuwa wuta-wuta ce ke cinye ta. Kana ganin furen nan ja-ja ya rufe gonar gero ka san ƙasar ta gaji. Burtalin da shanu ke bi shi ma an matse shi da shuka har ya zama siririyar hanya, daga nan ne yawancin rigimar manomi da makiyayi ke tasowa, ba daga ƙiyayya ba kamar yadda 'yan birni ke zato.

To da me ƙasar ke rayuwa? Da dabba da kasuwa da iyaka. Duk wanda yake son ya fahimci tattalin arzikin ƙasar Daura ya je kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ya tsaya a kara. Shanu da raguna da raƙuma daga Damagaram da Matamaye da Magarya, manyan motoci na lodi zuwa kudancin ƙasa, dillalai na sa hannu cikin riga ana ciniki da yatsu, naira da sefa na canja hannu a inuwa ɗaya. Hatsi na fita, dabba na shigowa. Riɗi da wake kuma su bi hanyar Kazaure zuwa kasuwar Dawanau ta Kano. Matar aure a ƙauye da ke kiwon tunkiya biyu don babbar salla, kuɗin wannan tunkiya ne kuɗin makarantar ɗanta da na maganin zazzaɓi. Layin da Ingilishi da Faransa suka ja ya raba gari da gonarsa, ya raba wa da ƙani, amma bai raba kasuwa ba. Shi ya sa da aka rufe iyaka a Agustan 2019, aka ƙara da hana kai mai garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, na ga magidanta da ba su taɓa ɗaukar buhun shinkafar waje ba sun rasa na cefane, don kawai garinsu yana kusa da Kwangwalam, mashigar iyakar Nijar. An fara buɗe wasu iyakokin ƙasar a Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Wanda ke sa hannu a irin wannan takarda daga nesa, da zai kwana ɗaya a Mai'aduwa ranar kasuwa da ya sake tunani.

Siyasa kuwa a wurin manomin ƙasar nan kusan kalma ɗaya ce: taki. Rairayi ba ya ba da komai sai an ba shi. Na halarci rabon taki a wata mazaɓa, ba zan faɗi wace ba, ba zan faɗi shekarar ba. An sauke mota tun da hantsi, mutane sun cika filin makaranta, wasu tun asuba suke zaune. Da aka gama cire na manya da na masu jam'iyya da na waɗanda sunansu ke takarda amma ba su da ko kunya ɗaya a daji, abin da ya rage buhu ɗaya mutum huɗu. Na ga dattijai sun shimfiɗa tabarma sun farke buhu suna rabawa da kwano, kowa ya ƙulle nasa a gefen rawani ko cikin tsohon buhun gishiri. Kuma lokacin gero ya riga ya yi ciki, lokacin sa taki ya wuce. Ranar kasuwa ta zagayo na ga irin buhunan nan jere a rumfa, a farashin da ya ninka. Wannan abin har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin na san fuskokin mutanen da suka zauna a ranar nan, na san gonakinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan ce ƙasar ba ta samu komai ba. Jihar nan ta fitar da shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007, Daura kanta ta fitar da Muhammadu Buhari daga 2015 zuwa 2023, Allah ya jiƙansu. An kafa jami'ar sufuri a Daura, aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya biyo ta nan, an gyara hanyoyi. Duk alheri ne. Amma ni malamin gona ne, abin da idona ke nema daban. Ƙasar da daminarta wata huɗu ce, sauran wata takwas fa? Duk inda na ga an samu ruwan rani, ko a gefen madatsun Sabke da Daberam ko a fadamar da aka haƙa 'yan rijiyoyin burtsatse, na ga samari sun fasa tafiya cirani, suna fitar da albasa da tumatir da tattasai da kankana daga ɗan filin da gero ba zai ciyar da gida ba. Ƙaramar gona in tana ba da amfani sau biyu a shekara ta zama babba. Wannan na rubuta a rahoto, na faɗa a taro, na faɗa wa duk ɗan takarar da ya zo gaishe ni tun da na yi ritaya, kuma zan ci gaba da faɗa muddin ina da baki.

A wannan zama na ƙasar Daura ne kuma aka ɗora mini riƙon makullin wani sito na taki da iri, aikin da ya haɗa ni da mutanen da ban taɓa zaton zan yi sa-in-sa da su ba, har maganar ta kai gaban hakimi. Shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.