Yaron da ya ƙi sayar da cakulan

Daren jiya na gama karanta The Chocolate War na Robert Cormier, barci ya ƙaurace wa idona. Tun 1974 littafin ya fito a Amurka, don matasa aka rubuta shi, amma ga ni da furfura a gemu ina juyi a kan gado.

Jerry Renault sabon ɗalibi ne a wata makarantar Katolika ta maza, bai daɗe da rasa mahaifiyarsa ba. An ɗora wa kowane yaro sayar da kwali 50 na cakulan don a tara wa makarantar kuɗi. Wata ƙungiyar asiri ta ɗalibai ta umarce shi ya ƙi karɓar nasa har kwana goma. Wa'adi ya cika, ya ci gaba da ƙi don raɗin kansa. Nan fa aka sa shi a gaba, har ta kai ga shirya dambe, ɗalibai na sayen tikiti suna rubuta irin naushin da za a kai. A motar asibiti aka tafi da shi. Archie, ɗan ƙungiyar asirin da ya kitsa komai, ko ƙwarzane bai samu ba, don malamin da ke riƙe da makarantar ya ɗaure masa gindi.

An sha neman a cire littafin daga makarantun Amurka, kuma cikin ƙorafe-ƙorafen har da cewa mugu ne ya ci nasara. Ni kuwa wannan ƙarshen ne na gaskata, domin na gan shi da idona.

A makarantar kwana da na yi akwai wani yaro mai in'ina, gadonsa na ƙarƙashin nawa. Siniyoyi suka mayar da shi abin nishaɗi. Su ƙwace garin kwakinsa da ƙuliƙuli, su jibga masa wanki, dare ya yi su tsayar da shi tsakiyar ɗaki, wai sai ya faɗi sunansa sau goma ba gargada. Mu juniyoyi mukan ja bargo mu yi lamo. Wata rana ya raɗa mini, "Ka raka ni wurin malam mana." Na ce gobe.

Jerry ma yana da aboki, Goober, mai tausayinsa ƙwarai, amma har aka gama dukan bai iya tare masa komai ba. Shafukansa ne suka fi yi mini nauyi.

Zango na biyu bai ƙare ba yayan yaron nan mai in'ina ya zo ɗaukarsa. Ta taga na hango shi ɗauke da akwatin ƙarfe a ka, bokitinsa a hannu, har ya fice daga ƙofar makaranta bai waiwayo ba.